Ambulan da Muke Miƙa wa 'Ya'yanmu Bayan Sujada



Akwai wani abu da muke gani kowace Lahadi a ƙofar majami'unmu, daga Sabon Tasha zuwa Television, daga Narayi zuwa Unguwar Romi da Gonin Gora, mun kuwa saba da shi har mun daina ganinsa. Da zarar an tashi sujada, sai a kewaye wani saurayi ko wata budurwa da aka ji labarin ta samu aiki a ofishin kula da ma'aikata na wani kamfani, ko banki, ko asibiti. Wannan ya miƙa mata ambulan mai ruwan ƙasa, wancan ya miƙa. Mama daga Zumuntar Mata ta riƙe mata hannu ta ce, "'Yata, ƙanenki ya gama bautar ƙasa shekara uku ke nan yana zaune, ke ce Allah ya ba mu." Baba dattijo ya kira ta gefe ya ce, "Kin san ni na sa hannu a takardarki lokacin da kika nemi makaranta." Ita kuma ta durƙusa ta ce, "To Baba, zan gwada," alhali ta san ba ta da ikon ɗaukar ko da mai shara.

Mun san wata 'yarmu da ta kai ga zuwa sujada a makare, ta zauna a bencin baya, ta fice kafin a sa albarka. Wasu suka ce aiki ya sa ta girman kai. Da muka zauna da ita, ta nuna mana jakar leda cike da takardun neman aiki na 'ya'yan ikilisiya, ba ta iya zubarwa ba, ba ta kuma da inda za ta kai su. Watanta takwas ne kacal a wurin aikin, ba a ma tabbatar da ita ba tukuna. Saboda ita da ire-irenta muke wannan rubutu, kuma ra'ayinmu shi ne muna cutar da su, muna kuma cutar da kanmu.

Ba daga sama muka samo wannan al'ada ba, gama tana da tushe. Duk wanda ya san Kakuri a zamanin da take Kakuri ya san yadda ake shiga aiki. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, daga baya UNTL da Arewa Textiles da Nortex da sauransu suka biyo. Kamfanin ƙera makamai na DICON ya zo a 1964, Peugeot ta fara harhaɗa motoci a 1975, matatar mai kuma aka buɗe ta a 1980. Masaƙa ɗaya tana ɗaukar mutane dubbai. Idan jiniya ta yi kuka lokacin canjin aiki, kekuna sukan cika titi har mota ta rasa hanya. A wancan lokaci wa yana kawo ƙanensa daga Zonkwa, ko Kwoi, ko Kagoro, ko Pankshin, ko Zuru, ya kwana a ɗakinsa a Makera, da safe ya kai shi bakin get ya nuna wa hedimansa. Hediman ya dubi ƙarfin yaron, ya kai sunansa ofishin da iyayenmu suke kira fasonel, shi ke nan. Yawancin ikilisiyoyin da ke wannan ƙetaren kogi da irin waɗannan mutane aka gina su, da albashin masaƙa aka sayi kwanon rufinsu. Har Adams Oshiomhole, wanda ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982, ya kuma shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa daga 1999, a Arewa Textiles ya fara yana ƙaramin ma'aikaci.

To, wancan zamani ne da kamfani yake neman hannuwa ɗari biyu a mako ɗaya, saboda haka maganar ɗan'uwa tana da amfani ga kowa. KTL ta rufe a 2002. UNTL ta rufe a 2007, ko da yake an sake buɗe ta a 2010, ba ta koma yadda take a da ba. Sauran ma suka bi ɗaya bayan ɗaya. Yau wurin da yake neman mutum uku, takardu ɗaruruwa ne suke zuwa masa, wasu ma ta intanet ake cika fam, a yi jarrabawa a kwamfuta, a tace sunaye a Legas ko Abuja kafin wani a Kaduna ya gan su. Kiɗa ya canza, mu kuwa muna nan da tsohuwar rawarmu, muna riƙe da ambulan.

Bari mu ɗan tsaya a kan rufe masaƙun nan, domin a nan ne ya kamata mu gane abin da ofishin ma'aikata yake nufi. Ranar da aka rufe get, abin da ya rage wa mutumin da ya yi shekara ashirin da biyar yana shaƙar ƙurar auduga shi ne abin da ke rubuce cikin fayil ɗinsa: ranar da aka ɗauke shi, matakin albashinsa, wanda ya rubuta a matsayin magajinsa. Ma'aikatan KTL sun shafe shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Mu muka binne su. Mu muka ga gwaurayen da suka riƙa yawo da tsohon katin aiki na mazajensu, wata ma ba ta san lambar aikin mijinta ba, wata kuma ta tarar sunan mahaifin mijin ne a takarda, gama tun yana saurayi ya cika fam ɗin bai sake komawa kansa ba. Ba laifin magatakardan ba ne kuɗin bai fito ba, wannan magana ce ta masu kamfani. Amma inda aka samu magatakarda mai amana da ya ajiye takardu daidai, aƙalla an san nawa ake bin kowa. Inda ba a samu ba, har lissafin bashin ya zama abin gardama.

Wannan shi ne aikin da 'yarmu take koyo. Ɗaukar mutane ƙaramin yanki ne nasa, kuma ba a hannun sabon shiga yake ba. Abin da ke gabanta kullum shi ne jerin albashi, kada sunan kowa ya faɗi, kada a biya wanda ya bar aiki. Ita ce za ta lura ko an ba sabon ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa, domin Dokar Ƙwadago, wadda take nan tun shekarun 1970, ta ce a ba shi cikin wata uku da fara aiki. Ita ce za ta san cewa wanda ya yi fiye da wata uku amma bai kai shekara biyu ba, notis na mako ɗaya ne mafi ƙarancin haƙƙinsa, daga shekara biyu zuwa biyar mako biyu, daga biyar zuwa sama wata guda. Ita ce za ta bi sawun kuɗin fansho. Tun dokar 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004, ma'aikaci yana ba da kashi 8 cikin ɗari, mai kamfani ya ƙara kashi 10, kuma dole a tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Wurare nawa ne suke cirewa daga albashi ba su tura ba? Ku tambayi duk wanda ya taɓa zuwa duba asusunsa ya tarar da shi wayam. Haka kuma idan inji ya yanke wa wani yatsu, ita ce za ta cika takardun diyya a ƙarƙashin dokar 2010, wadda ta sa kamfani ya riƙa biyan kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashi ga hukumar NSITF. Idan aka yi sakaci a ɗaya daga cikin waɗannan, wani gida ne zai kwana da yunwa, mai yiwuwa ma gidan da ke zaune kusa da mu a benci.

Duk wannan aiki jarinsa ɗaya ne, watau a yarda da mutum. Ta san albashin kowa, ta san wanda aka ba takardar tuhuma, ta san wanda yake shan magani a ɓoye, ta san wanda za a sallama a ƙarshen wata tun shi bai sani ba. Ranar da manajanta ya gane cewa tana zura takardun 'yan majami'arsu a saman tari, ko tana gaya wa Baba dattijo tambayoyin da za a yi a intabiyu, ba zai yi mata faɗa ba. Zai dai daina ba ta mabuɗin kabad, ya mai da ita mai buga wasiƙu, idan lokacin tabbatarwa ya zo a ce ba ta dace ba. Idan kuma rage ma'aikata ya taso, ƙa'idar da doka ta shimfiɗa ita ce wanda ya shigo daga baya shi ke fara fita. Sai mu wayi gari ba mu sa kowa a aiki ba, ɗayar da muke da ita ma mun fitar da ita.

Mun san amsar da wasu iyayenmu za su bayar, mun kuwa ji ta sau da yawa a taron dattawa: "Ai su ma haka suke yi wa nasu. Mu kaɗai ne za mu zauna muna bin doka?" Ba za mu raina wannan magana ba, domin daga ciwo take fitowa. Tun rikicin Fabrairun 2000, da na Nuwamban 2002, da na bayan zaɓen 2011, kogin nan ya zama iyaka a zukatan mutane. Iyalai da yawa cikinmu sun sayar da gidajensu a arewacin gari suka dawo nan, kamar yadda Musulmi da yawa suka bar nan suka koma can. Yawancin ma'aikatun gwamnati suna can ƙetaren gada. Akwai 'ya'yanmu da suka tabbata a ransu cewa sunansu ko adireshinsu ne ya kayar da su, kuma ba za mu ce dukansu ƙarya suke yi ba. Sai dai idan kun zauna da matasan Tudun Wada ko Rigasa, za ku ji irin wannan kuka game da wuraren aiki na wannan ɓangare. Kowa yana ganin ɗan'uwansa ne mai uwa a gindin murhu.

Mu da ba mu da yawa a manyan kujeru, me zai cece mu? Idan aka bar ɗaukar aiki ga sanayya, wanda ya fi yawan mutane a sama shi zai ci kullum, kuma ba mu ba ne. Abin da yake kare marar gata shi ne a tallata gurbi a fili, a yi jarrabawa ɗaya ga kowa, a rubuta maki, a ajiye takardar yadda za a iya fito da ita gobe. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, ko addini, ko asali, ko jinsi. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ɗaukaka matsayinta, tana zama a nan Kaduna. Amma kotu da takarda take aiki, takardar kuwa a ofishin ma'aikata ake yin ta. Saboda haka kowane ɗa namu da ya zauna a wannan kujera ya yi aiki tsakani da Allah, har Musulmin da ke ƙarƙashinsa ya ce wannan ba ya duba suna, ya buɗe ƙofa ga goma da za su zo bayansa. Wanda kuma muka tura ya yi son kai, ya ba masu yi mana haka hujja, ya kuma rufe bakinmu ranar da za mu kai ƙara.

Akwai kuma abin da ya fi ambulan muni, ba za mu tsallake shi ba. Wasu iyaye suna sayar da fili ko su ci bashin adashi domin "sayen aiki". A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya binciki sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya, aka ji shaidu a fili yadda ake karɓar miliyoyi, har a cikin Hukumar Raba Daidai ta Tarayya wadda aka kafa domin hana irin wannan. Wanda ya biya, ko dai a ba shi takardar jabu, ko kuwa ya shiga aiki yana bawan wanda ya sayar masa. Abin baƙin ciki shi ne wani lokaci dillalin ɗan ikilisiya ne, sai a rufe maganar domin kada a ji kunya.

Ga 'ya'yanmu da suke fara wannan aiki, ko suke sha'awarsa, muna da 'yar magana. Kada ku raina teburin fayil. Yawancin waɗanda suka zama manajoji a wannan fanni daga rajistar zuwa aiki da lissafin hutu suka fara. Ku koyi Excel sosai, gama wanda ya iya haɗa jerin albashi ba kuskure ba a saurin rabuwa da shi. Ku nemi Dokar Ƙwadago ku karanta da kanku, ba ta da tsawo. Za ku ga cewa ta fi shafar leburori da ƙananan magatakarda, manyan ma'aikata kuwa abin da ke cikin takardar ɗaukarsu shi ne garkuwarsu, don haka ku fara da karanta taku kafin ku sa hannu. Cibiyar CIPM, wadda aka kafa a 1968 ta kuma samu amincewar doka a 1992, ita ce take ba da shaidar ƙwarewa a wannan sana'a, jarrabawarta mataki-mataki ce, ana iya yin ta ana aiki. Ba sai wanda ya karanta harkar mulki ba. Mun ga wanda ya karanta tarihi, mun ga mai difloma daga Kaduna Polytechnic, duk sun shiga. Wanda yake makaranta kuma, idan lokacin koyon aiki na SIWES ya zo, ya roƙa a sa shi a ofishin ma'aikata ko da na ƙaramin asibiti ne, ya fi ya je babban wuri ya yi wata shida yana sayo wa mutane abinci. Ranar da za a ce ku miƙa wa wani takardar sallama kuwa, za ta zo, wataƙila ma sa'an mahaifinku ne. Ku tabbata lissafin haƙƙinsa ya cika kafin ku kira shi, ku ba shi kujera, kada a yi a gaban jama'a. Idan aka ce ku sauya kwanan wata a fayil domin a rage masa garatuti, ku nemi a ba ku umarnin a rubuce. Sau da yawa a nan maganar take mutuwa.

Idan Baba dattijo ya miƙo ambulan, ba sai kun yi masa rashin kunya ba, ba kuma sai kun yi masa ƙarya ba. "Baba, ba ni da ikon ɗauka, amma in an tallata zan sanar da kowa a majami'a, kuma a turo mini shi ranar Asabar mu gyara takardarsa." Wannan ba cin amanar kowa ba ne. Da za mu bar 'ya'yan nan su huta da ambulan, mu roƙe su awa biyu a wata su zauna da matasa, da mun ga bambanci. Mun duba wasu takardun da ke cikin jakar ledar nan. Wani ya rubuta sunan kamfanin da ba shi ba ne, gama kwafi ya yi daga shagon kwamfuta. Wata ta sa lambar wayar da ta daina aiki. Wani shekarun haihuwarsa iri biyu ne, na takardar makaranta daban, na katin ɗan ƙasa daban. Irin waɗannan ko kawunka ne manaja ba zai iya cetonka ba.

Yanzu kuma sai mu juyo gida, gama laifi tudu ne, mun daɗe muna taka namu muna hango na wasu. Mu ma masu ɗaukar aiki ne. Kusan kowace babbar ikilisiya a wannan ɓangare tana da makarantar nazare da firamare, wasu har sakandare da ƙaramin asibiti. Muna da malamai, da mai gadi, da direba, da mai shara, da sakatariya. Nawa ne cikinsu suke riƙe da takardar ɗaukar aiki? Nawa ne suka san ranar da albashi zai fito? Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, ya kai 70,000 a 2024. Gaskiya ne dokar ba ta tilasta wa mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, kuma gaskiya ne baikonmu ba shi da yawa. Amma akwai makarantunmu da suka wuce wannan adadi, kuma ko waɗanda ba su kai ba, kunya ce mu fake a bayan wannan rami. Malama ta nemi ƙari, sai mu ce mata aikin Ubangiji ne, ta yi haƙuri. Ta haihu, sai mu sa wata a ajinta ba tare da an gaya mata ko za ta dawo ba, alhali doka ta ba mace hutun mako goma sha biyu. Mai gadi ya yi shekara goma sha takwas a bakin get, idanunsa suka raunana, sai a yi masa baiko na musamman ranar Lahadi, a ba shi bargo da agogon bango, a tafa masa. Daga nan sai ina? Tun 2019 hukumar fansho ta buɗe hanyar da masu ƙananan ayyuka za su riƙa tara wa kansu kaɗan-kaɗan, ba mu ji majalisar dattawan da ta zauna a kan wannan ba.

Kuma yadda muke ɗaukar malaman nan, ba ambulan ba ne? Ɗiyar ma'aji, surukar fasto, ƙanwar shugabar mata. Idan ba ta iya koyarwa ba, ba mai iya cire ta, yaran talakawan ikilisiya ne suke biyan kuɗin. Lokacin da gwamnatin jihar nan ta yi wa malaman firamare jarrabawa a 2017 ta ce 21,780 sun faɗi, ta kuma sallame su, mun yi ta magana a kan rashin tausayin abin, kuma akwai abin faɗa. Amma ba mu tambayi kanmu yadda namu malaman suka shiga aji ba.

A nan ne muke bukatar 'ya'yan nan da gaske. Muna roƙon kowace majalisar dattawa, a zamanta na gaba, ta kira ɗanta ko 'yarta da ke aiki a ofishin ma'aikata, a ba ta kujera a teburin, ko da shekarunta ashirin da shida ne, ko da mace ce a cikin maza masu furfura. A ajiye mata sunayen duk waɗanda ikilisiya take biya. Ta buɗe wa kowa fayil, ta rubuta ranar da ya fara, da abin da ake ba shi, da hutunsa, da wanda za a kira in wani abu ya same shi. Ta tsara takardar ɗaukar aiki mai shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, a karanta wa wanda bai iya karatu ba kafin ya dangwala. Za ta faɗi abubuwan da ba za su yi mana daɗin ji ba, musamman in ta zo kan bashin albashin da aka ce za a biya bayan bikin girbi. Mu bar ta ta gama magana.

'Yarmu mai jakar leda ta yarda za ta yi wa ikilisiyarsu wannan. Sharaɗi ɗaya ta kafa, cewa sakatare ya sanar daga bagade masu takardu su zo su karɓi kayansu, domin akwai waɗanda suka ba ta ainihin takardar shaidar makaranta maimakon kwafi, tana kuma tsoron damina ta lalata su.